Da Me Ake Auna Aikin Mai Binciken Ɓeraye? Tambayoyi da Amsoshi

Wata ɗalibarmu da ta gama digirin farko a fannin ƙananan halittu ta tsayar da ni a bakin titi a Idi-Araba, ta miƙo mini wayarta. Shafin Google Scholar ne, inda ake jera maƙalun masani da lambobin awonsu, na wani farfesa na ƙasar waje, masanin garkuwar jiki, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa kan ƙwayoyin cutar da ke sa wa ɓeraye sankarar jini. Ta ce, "Malam, wannan babba ne ko ƙarami? Lambobi dai na gani, amma ban san mai kyau ba." Na ba ta amsa a tsaye, masu keke na ta yi mana oda, kuma amsar ba ta gamsar da ni kaina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Wasu tambayoyin nata ne, wasu na sauran ɗalibai, wasu kuma na iyayen da ke biyan kuɗin makaranta da cinikin Mile 12 da Agege da Alaba Rago.

Shi wannan masanin, takamaimai me yake yi?

Yana sa wa ɓera cuta da gangan, ya zuba ido ya ga yadda jikin ɓeran zai kare kansa. Ƙwayar da aka fi aiki da ita ana kiranta Friend, da sunan matar da ta gano ta. In aka yi wa farin ɓera irin BALB/c allurarta, cikin mako biyu zuwa uku saifarsa, wadda nauyinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba, sai ta kumbura ta ninka sau goma ko fiye, har kana jin ta da yatsa ta bayan fatar ciki. In kuwa baƙin ɓeran nan C57BL/6 aka yi wa, sai ya shanye ya ci gaba da harkarsa. Amma ƙwayar ba ta barin jikinsa ɗungurungum, tana nan kwance ƙasa-ƙasa har ƙarshen rayuwarsa. To aikin masanin shi ne ya gano abin da wannan yake da shi wanda wancan ya rasa, da rukunin sojojin jikin da suka yi faɗan, da ranar da suka fito, da abin da ya hana su ƙarasa aikin.

Mene ne retrobairas ɗin da ake ta faɗa?

A jikinmu bayanin gado a DNA yake rubuce, daga can ake kwafo shi zuwa RNA. Ita retrobairas da RNA take zuwa, ta kwafe shi da baya ya koma DNA, sannan ta dasa shi a cikin DNA ɗin tantanin da ta shiga. Kamar baƙo ne ya kwana gidanka, kafin gari ya waye ya sa sunansa a takardar filin. Ƙwayar HIV, kamar ta Friend, 'yar wannan dangi ce, kuma wannan dasawar ce ta sa magani ke danne ta amma ba ya fitar da ita.

Wani abin mamaki: kusan kashi 8 cikin 100 na DNA ɗin ɗan Adam ragowar irin waɗannan ƙwayoyi ne da suka shiga kakanni tun zamanin da ba a san iyakarsa ba, aka yi ta gadonsu. Yawancinsu sun mutu murus. Kaɗan kuma jiki ya mayar da su 'yan aiki, har akwai wadda ke taimakawa wajen haɗa mabiyiya a cikin mahaifa.

Wannan ne ɓeran zazzaɓin Lassa?

A'a. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ƙwayarsa daga wani dangi take daban, kuma ɓeran da ke ɗauke da ita na jeji da rumbu ne, mai nonuwa da yawa. Ɓerayen ɗakin gwaji a keji aka haife su, su da kakanninsu.

Ga marasa lafiya cike da asibiti, me ya kai mutum wurin ɓera?

Wani Alhaji dillalin albasa ya yi mini wannan tambayar a gaban buhunansa, lokacin da ɗansa ya samu gurbin ƙaro karatu. Ya ce, "Malam, ni fa ban gane ba. Ɓeran da nake sayen guba dominsa, shi yaron nan zai je ya yi wa hidima shekara huɗu?" Na ce, "Alhaji, in kana son ka san takin da ya fi, ai ba ka gwada ɗaya a fadama ɗaya a tudu ba. Gona ɗaya za ka raba biyu, iri ɗaya, ruwa ɗaya." Ya gyaɗa kai, ya ce wannan kam haka ne.

Ɓeran gwaji shi ne gonar. An yi ta haɗa wa da ƙanwa har zuriya 20 ko fiye, sai duk 'yan gidan suka zama tamkar tagwaye ta fuskar gado. Ciki mako uku ne kacal, ɗa kuma yana balaga cikin wata biyu. Ka san ranar da cuta ta shiga da adadin da ta shiga, kana iya cire ƙwayar gado guda ɗaya ka ga abin da zai sauya, kana iya buɗe saifa da ɓargo a rana ta bakwai ka ƙidaya sojojin da ke ciki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya halatta a yi wa mutum, kuma mai HIV sau da yawa sai bayan watanni ko shekaru yake sanin yana da ita. Ita HIV ɗin ma ba ta kama ɓera na yau da kullum, dole aka nemi 'yar uwarta da ke kama shi.

Sai dai kada a zaƙe. Ƙwayar Friend ta fi zama a tantanin da ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini, HIV kuwa sojojin jikin da ake kira CD4 take ci. Abin da aka gani a ɓera alama ce ta inda za a duba a jikin mutum, kuma sau da yawa in an duba ba a samun komai.

Su wa suka faro wannan fanni?

Peyton Rous ya nuna a 1911 cewa ƙwayar cuta na iya sa wa kaza ciwon daji. Mutane suka yi biris da shi, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel, bayan shekara 55. A 1936 John Bittner ya gano cewa akwai wani abu a nonon ɓera da ke gadar wa 'ya'ya mata sankarar mama. A 1951 Ludwik Gross ya sa wa jariran ɓeraye sankarar jini da ruwan da aka tace babu tantani ko ɗaya a ciki, shi ma ya sha ƙaryatawa.

Charlotte Friend, a cibiyar Sloan-Kettering da ke New York, ta kai nata sakamakon taron masana sankara a 1956, aka yi mata ca. A 1957 maƙalar ta fito a mujallar Journal of Experimental Medicine. Abin da ya sa ƙwayarta ta yi kasuwa shi ne tana kama manyan ɓeraye waɗanda garkuwarsu ta nuna, kuma tana aiki da sauri, don haka ta dace da mai nazarin garkuwa. Daga baya aka samu ta Moloney a 1960, ta Rauscher a 1962, ta Abelson a 1970. Da za a auna waɗannan mutane da lambobin shekarunsu biyar na farko, da an sallami mafi yawansu daga aiki.

To me ɗan Adam ya ƙaru da shi? A ba mu abin da za mu taɓa da hannu.

A nan zan daɗe, don nan ne maganar take.

Na farko, sinadarin da ke yin kwafin bayan nan, wanda a ɗakin gwaji muke taƙaita sunansa mu ce RT. Howard Temin da David Baltimore ne suka gano shi a 1970, kowa a nasa ɗakin, kuma Baltimore da ƙwayar Rauscher ta ɓera ya fara ganin nasa. Sun samu Nobel a 1975 tare da Renato Dulbecco. Yau duk gwajin da zai nemo ƙwayar cuta mai RNA ta hanyar PCR, wato dabarar ninka DNA har a iya ganinsa, sai ya fara da RT, kuma da yawa daga cikin waɗanda kamfanoni ke sayarwa asalinsu daga ƙwayar Moloney aka samo su. Lokacin da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairun 2020 a nan Legas, da irin wannan dabara ta kwafin baya aka yi. Haka gwajin yawan ƙwayar HIV a jini da masu shan magani ke yi. Mai ɗiban majina a hanci bai san da wani ɓera ba, kuma ba ya cikin masu ambaton kowa a maƙala.

Na biyu, maganin AZT. Jerome Horwitz ya haɗa shi a 1964 don ciwon daji, bai yi aiki ba, aka ajiye. A 1974 Wolfram Ostertag da abokan aikinsa a Jamus suka nuna yana hana ƙwayar Friend yaɗuwa. Ba a damu ba, don a lokacin ba a san wata retrobairas da ke damun mutum ba. Da ƙanjamau ya ɓulla a 1981, aka gano ƙwayarsa a Faransa a 1983, kamfanin Burroughs Wellcome ya shiga tace magunguna da ƙwayoyin ɓera, AZT ya yi zarra, aka amince da shi a Amurka a 1987. A 1994 aka nuna yana rage kamuwar jariri daga uwa da kusan kashi biyu cikin uku. Najeriya, wadda binciken 2018 ya ƙiyasta tana da masu HIV kusan miliyan 1.9, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kan amfanin wannan.

Na uku, ƙwayar Abelson. Ƙwayar gadon da ke cikinta mai haddasa sankara ita ta ba da sunan ABL, wadda aka tarar ta lalace a wani nau'in sankarar jinin mutane. Maganin imatinib da aka amince da shi a 2001 ita yake toshewa, kuma ya mayar da cutar da ke kisa cikin 'yan shekaru ta zama abin da ake rayuwa da shi ana shan ƙwaya.

Na huɗu shi ne na masu garkuwar jiki zalla, kuma shi na fi so. A 1979 Bruce Chesebro da Kathy Wehrly, a wata cibiya da ke ƙaramin garin Hamilton na jihar Montana, suka ce akwai wata ƙwayar gado da ke sa wasu ɓeraye su warke daga Friend, suka sa mata suna Rfv3. Ba su san mece ce ba, tasirinta kawai suke gani a kiwo. Sai a 2008 wasu ayari biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Japan, suka nuna cewa Apobec3 ce, wato 'yar uwar wadda aka gano a jikin mutum a 2002 tana yaƙar HIV. Shekara 29 ke nan tsakani. Haka wata ƙwayar gadon mai suna Fv1, wadda Frank Lilly ya bayyana tun da daɗewa: sai a 1996 aka ciro ta a Landan, kuma tunanin da ta haifar, cewa tantani na da nasa makullin tun kafin sojojin jiki su iso, shi ya share hanyar gano irin wannan makulli mai suna TRIM5 a birai a 2004. A wannan garin na Hamilton ne kuma, daga farkon shekarun 2000, Kim Hasenkrug da Ulf Dittmer suka nuna yadda wasu sojojin jiki, ƙwayoyin T masu taka birki, ke sanyaya gwiwar 'yan uwansu masu kisa idan cuta ta daɗe a jiki.

Lambobin da ke shafin Google Scholar fa, me suke nufi?

Uku ne. Na sama jimillar ambato ce, wato sau nawa wasu maƙalu suka kafa hujja da nasa. Na biyu shi ne ma'aunin h, wanda wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005. In an ce h ɗin mutum 20, yana da maƙala 20 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 20. Na uku, i10, adadin maƙalun da suka kai ambato goma ne.

Google Scholar yana ƙidaya kusan komai, har kundin digiri da rubutun da ba a tantance ba, don haka lambarsa takan fi ta Scopus, wani rumbun maƙalu da ke tace abin da yake ƙidayawa, girma. Kada a ɗauki ta wannan a gwada da ta wancan.

Nawa ne h mai kyau?

Ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ba ni da lamba da zan bayar. H ba ya raguwa, shekaru ne ke ciyar da shi, saboda haka ɗan shekara 65 zai fi ɗan 40 ko da na biyun ya fi shi kaifi. Girman fanni ma yana da nasa. Masu aiki kan garkuwa da ƙwayar Friend a duniya 'yan tsiraru ne, kusan duk sun san juna, alhali masu HIV da ciwon daji dubbai ne. Mai shago a lungun Agege da mai shago a tsakiyar Balogun ba a gwada su da yawan masu wucewa.

A ɗauki misali. Mutum na farko yana da maƙala 12, uku daga ciki sun sauya yadda ake fahimtar fannin, kowacce an ambace ta sau dubu. H ɗinsa ba zai taɓa wuce 12 ba. Na biyu yana da 200, ya yanka bincike ɗaya gida biyar, yana ambaton kansa, abokansa na ambatonsa, h ɗinsa 30. Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'ar: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma maƙalun bita, waɗanda ke tattara aikin wasu su taƙaita. Suna jan ambato sosai don sun fi sauƙin karantawa. In ka jera maƙalun mutum daga mai yawan ambato, ka ga biyar na sama duk bita ne, to ka san gwanin bayani ne. Sai ka gangara ka nemo abin da shi ya gano da hannunsa.

Ma'aunin tasirin mujalla fa?

Eugene Garfield ne ya kawo shi, kuma don masu ɗakin karatu aka yi shi, su san mujallar da za su saya. Ana ɗaukar ambaton da maƙalun shekara biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Awon mujalla ne, kuma 'yan maƙalu kaɗan ne ke ɗaga shi sama. Shekara biyu kuwa me za ta nuna a fannin da amsa ke ɗaukar shekara 29? A 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Faransisko suka fitar da sanarwar da ake kira DORA, suna roƙon a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki. Jami'o'i da yawa sun sa hannu. Kwamitocin ƙarin girma dai har yau suna leƙa lambar.

Yawan ambato ba hujja ba ce cewa binciken gaskiya ne?

Wannan fannin da kansa yana da amsar. A watan Oktoban 2009 mujallar Science ta buga cewa an samu wata ƙwaya mai kama da ta ɓera, XMRV, a jinin mutum 68 cikin 101 masu fama da ciwon gajiya mai daɗewa. Duniya ta ɗauka. Wasu hukumomin jini suka daina karɓar gudummawar masu ciwon, wasu marasa lafiya suka fara shan maganin HIV. Ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama suka nema suka rasa. A 2011 aka nuna cewa ƙwayar a ɗakin gwaji aka haife ta ba da niyya ba, lokacin da ake renon wani ƙullun ciwon daji na ɗan Adam a jikin ɓeraye, inda gutsattsarin ƙwayoyin ɓera biyu suka haɗe. Sauran duk gurɓacewar kayan aiki ce. A watan Disambar 2011 aka janye maƙalar.

Maƙalar ta tara ambato ɗaruruwa, kuma kwamfuta ba ta bambance mai cewa "haka ne" da mai cewa "mun duba ba mu gani ba". Waɗanda suka warware rikicin kuwa tsofaffin masana ƙwayoyin ɓera ne irin su John Coffin, mutanen da suka shekara talatin suna haddace abin da kowa ke ganin ba shi da amfani.

Sunaye goma a kan maƙala ɗaya, wa ya yi aikin?

A fanninmu na farko shi ya sha wahalar aikin ɗakin gwaji, yawanci ɗalibi ne ko matashin dakta. Na ƙarshe shi ne mai ɗakin, ya nemo kuɗi, ya ja ragamar tunani. Na tsakiya wani ya ba da ɓeraye, wani ya yi lissafi, wani ya ara na'ura. Wani kuma, mu faɗi gaskiya, sa sunana in sa naka ne. In kana auna babban malami, ƙidaya inda ya zo ƙarshe. In matashi ne, inda ya zo farko.

Na ga wani shekara biyu bai fitar da komai ba. Lalaci ne?

Ba lallai ba. Kafin ka samu ɓeran da ya rasa ƙwayar gado ɗaya a kan asalin da kake so, kana iya cin shekara biyu kana kiwo kawai. Nazarin cuta mai daɗewa sai an jira mako shida zuwa takwas bayan allura kafin a fara, kuma sai an maimaita sau biyu ko uku. Wata cuta ta daban ta shiga gidan dabbobi, an koma farko. Wanda ke fitar da maƙala 40 a shekara a irin wannan aiki shi ya kamata a tambaya yaushe yake karanta su.

An taɓa cutar da mutane da wannan ilimi?

An taɓa. Tunda ƙwayar ta iya dasa kaya a DNA, masana suka cire mata haƙora suka mayar da ita motar ɗaukar ƙwayar gado mai lafiya. A Paris da Landan aka yi wa yara 20 da aka haifa babu garkuwar jiki magani da motar da aka ƙera daga ƙwayar Moloney. Yawancinsu sun samu garkuwa. Amma daga 2002 aka fara ganin sankarar jini, aƙalla biyar suka kamu, ɗaya ya rasu, saboda motar ta sauke kayanta kusa da wata ƙwayar gado mai suna LMO2 ta tayar da ita. Masu binciken ɓera sun daɗe da sanin cewa haka ƙwayar ke haddasa sankara a ɓera. Bayan nan aka sake fasalin motocin. Ɗaya daga cikin magungunan sikila biyu da Amurka ta amince da su a Disambar 2023 da irin wannan mota yake aiki, wadda aka ƙera daga HIV. Kuɗin da aka sa masa a lokacin ya haura dala miliyan 3, kuma mu ne ƙasar da ta fi kowacce haihuwar masu sikila.

Ba zalunci ba ne ga dabbar?

Tambaya ce mai kyau, musamman ga wanda ya tashi yana jin hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwa. Tun 1959 akwai ƙa'idoji uku da fannin ya ɗauka: a yi amfani da wani abu maimakon dabba in zai yiwu, a rage adadi, a sauƙaƙa wahala. Kwamitin ɗa'a sai ya amince kafin a taɓa ɓera ɗaya, kuma mujallar kirki ba ta karɓar aikin da babu wannan izini. Ɓeran dai yana jin ciwo, kuma wanda ya daina damuwa da hakan ya kamata ya huta.

Za a iya irin wannan aiki a Legas?

Legas ba baƙuwa ba ce a wannan harka. A Yaba, inda Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya take yanzu, ayarin Rockefeller ya kafa sansanin binciken zazzaɓin shawara a 1925, kuma Adrian Stokes ya rasu a nan a 1927 da cutar da yake bincike. Ƙwayar da suka samo daga jinin wani ɗan Gana mai suna Asibi ita Max Theiler ya yi ta renonta, a tantanin ɓera da na kaza, har ta zama rigakafin da ake buga wa matafiya a katin nan mai ruwan ɗorawa. Ba retrobairas ba ce, amma ɓera na cikin labarin.

Matsalar yau wuta ce da kuɗi. Ɓerayen gwaji na son sanyi daidai, iska tacacciya, abinci da shimfiɗa da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, dare da rana. Wani ɗakin gwaji da na taɓa aiki, mun tafi hutun Babbar Sallah muka bar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili cike da samfurin wata 14. Janareto ya tsaya daren Juma'a. Ranar Talata da na buɗe ƙofar, ruwa ne ya fara zubo mini a takalmi, kwalayen sun jiƙe sun lotsa, lambobin da na rubuta da hannuna sun narke sun zama shuɗin tabo. Babu shafin intanet da zai nuna wannan a ƙarƙashin sunana. Shekarar dai za a ga babu komai.

Shi ya sa nake ganin ƙarfinmu a wani wurin yake. Marasa lafiya a nan suke, da nau'o'in HIV na Afirka ta Yamma waɗanda ba su ne aka fi nazari a Turai ba. Mai ɓera a can yana da hasashe, mu muna da inda za a gwada shi. Sharaɗin kawai a yi maganar jerin sunaye tun kafin jini ya hau jirgi, don kada wanda ya tara samfuri shekara uku ya tsinci kansa na bakwai cikin tara.

Mujallun da ke aiko da saƙo suna roƙon maƙala fa?

Na taɓa faɗawa. Na aika ranar Litinin, ranar Alhamis aka ce an karɓa, ko waƙafi ba a gyara ba, sai lambar asusu. Na biya da dala. Daga baya na nemi mujallar a PubMed da Scopus, babu ita babu dalilinta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: muddin ƙidayar takardu ake yi wajen ƙarin girma, masu wannan kasuwa ba za su rasa ciniki ba. Kafin ka aika, nemi sunan mujallar a waɗancan rumbuna biyu da kanka, kada ka yarda da tambarin da suka manna a shafinsu.

Ina son in yi digiri na uku a wurin irin wannan malami. Me zan duba?

Ƙanwata, ga abin da ban samu faɗa miki a bakin titi ba. Shiga PubMed, kyauta ne, ki ciro maƙalunsa na shekara biyar da suka wuce inda sunansa ya zo ƙarshe. Zaɓi uku ki karanta har da sashen hanyoyin aiki, ko da zai ɗauke ki mako biyu. Duba ko tambaya ɗaya yake bi yana zurfafawa ko kuwa duk inda kuɗi ya karkata nan yake. Duba ko wasu ɗakunan da ba nasa ba sun maimaita abin da ya gano. Duba ko ana amfani da ɓerayensa ko sinadaransa a wasu wurare, za ki ga ana yi masa godiya a ƙarshen maƙalun mutane.

Sannan ki rubuta sunayen da suka zo farko a maƙalunsa na shekara goma baya, ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ga inda suke yanzu. Ki aika wa biyu daga cikinsu gajeren saƙo, ki tambaye su shekara nawa suka yi kafin su gama, da sau nawa suke ganinsa a wata. In kin zo rubuta masa shi kansa, ki ambaci hoto ɗaya daga maƙalarsa da abin da bai gamsar da ke ba a ciki. Kuma tun a saƙo na biyu ki tambaye shi tallafin da ke biyan kuɗin ɓerayen, da shekarar da zai ƙare.